Ajin da Ba Shi da Ƙanne: Tafiya Nguru da Gashuwa

Da an wuce Haɗeja ƙasa takan buɗe. Gonakin gero da aka girbe, kara a tsaye, goruba nan da can, sai kuma fadama ta ɓullo ba zato, shanun Fulani suna tsaye a ruwa har gwiwa. Hunturu ne, hazo ya sauka, direbanmu ya naɗe rawani har hanci. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta ce in rako ta. 'Yan makarantarsu, kwalejin horar da malamai mata ta Nguru, wadda kowa ya sani da WTC, sun sa taro, daga nan kuma za su wuce Gashuwa ta'aziyyar ɗaya daga cikinsu. Sunan kakata aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Uwata.

"Uwata, dubi can," in ji ta, tana nuna wani tudu mai tsawo da ya miƙe cikin gonaki. Layin dogo ne. Tun 1930 ya iso Nguru daga Kano, kuma a nan ya tsaya. Shi ya mai da garin babbar kasuwa: gyaɗa, ƙaro, fatu da ƙiraga, shanu, bandar kifi, duk a nan ake lodinsu zuwa kudu. Shi ya tara Mangawa da Barebari da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Inyamurai a gari guda, Hausa ta zama harshen kasuwa. Kakana ma aikin reluwe ne ya kawo shi, a nan aka haifi gwaggo. Ta ce ranar komawa makaranta tashar jirgi takan cika da akwatunan ƙarfe, kowanne da sunan mai shi an rubuta da farin fenti.

Mun sauka gidan wata wadda gwaggo ke kira Yaya, ko da yake ba su haɗa jini ba. Uwar ɗakinta ce a makaranta. Ita ta karɓe ta ranar da aka kawo ta tana 'yar shekara goma sha uku tana kuka, ta nuna mata gadonta, ta koya mata yadda ake gyara shi kafin a zo duba ɗaki. Yau dukansu sun haura sittin, amma da gwaggo ta shiga soro sai ta cire takalmi ta durƙusa.

"Yaya, mun same ku lafiya?"

"Tashi, 'yar ɗakina, gwiwar nan taki ba ta durƙuso ba ce. Wannan ce takwarar Inna? Sannu da hanya, 'yata."

Wanda bai san abin da ake kira Gired Tu ba, da wuya ya gane me ya sa waɗannan mata suke maganar makarantarsu da irin wannan ƙauna. Takardar malanta ce mai daraja ta biyu. Yarinya ta gama firamare, a ɗauke ta kai tsaye, ta yi shekara biyar a makarantar kwana, ta fito malama. Horar da malamai mata a Arewa ya daɗe: an buɗe cibiyoyin karatun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato a 1939. Amma cikar kasuwar irin waɗannan kwalejoji sai lokacin UPE, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a Satumban 1976. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Malamai suka yi ƙaranci, gwamnati ta shiga neman masu koyarwa ido rufe. Karatu kyauta, abinci kyauta, ga ɗan alawus. A ƙarshen shekarun 1970 ne su gwaggo suka shiga.

Da yake malamar firamare ita ke riƙe ajinta a kowane darasi, dole ta san wani abu a kowane fanni. Suna yin Turanci da Hausa da lissafi, tarihi da labarin ƙasa, addini, kiwon lafiya, ɗinki da girki, wasannin motsa jiki, sannan dabarun koyarwa da sanin halin yara. Ba a ware wannan a ce 'yar kimiyya ce, waccan 'yar adabi. Wadda ta warware lissafi a allo da safe ita za ta hau dandamali da dare ta yi wasan kwaikwayo. Kafin su fita kuma sai an tura su makarantun firamare koyarwar gwaji, TP, mai dubawa yana zaune a bayan aji da jan biro.

Yaya ta jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado ta fito da littafinta na shirin darasi na lokacin TP. Bangon ya yi laushi, an ɗinke gindinsa da zaren saƙa. Kowane shafi an ja masa layi da rula: rana, aji, darasi, manufa, kayan koyarwa, gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, tambayoyi. A wani shafi darasin raba lamba ne ga 'yan aji uku, a gurbin kayan koyarwa ta rubuta ƙwallayen dabino da marafan kwalba. Mai dubawa ya sa hannu a ƙasa, ya ja layi ƙarƙashin wata kalma da ta rubuta ba daidai ba. Rubutun a tsaye yake, harufa a rarrabe, babu gogewa. Na lura daga baya cewa kusan dukansu hannunsu ɗaya ne, ko lambar waya suka rubuta maka za ka gane.

Ba rana ɗaya aka rufe irin waɗannan kwalejoji ba, kuma ba wanda ya zo da kwaɗo ya garƙame ƙofa. A takarda aka yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta riga ta ce wata rana NCE, takardar da kwalejin ilimi ke bayarwa, ita ce za ta zama mafi ƙarancin takardar malanta. Tsarin 6-3-3-4 ya fara a 1982, ya mai da hankali kan sakandare. A 1989 aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, aka kuma sa 1998 a matsayin wa'adi. A tsakanin nan jihohi suka riƙa daina ɗaukar sababbin ɗalibai, aji na ƙarshe ya fita, aka mai da gine-ginen yawancinsu makarantun sakandare. A Kano har yau in ka ce wa mai adaidaita WTC ya san inda zai kai ka. Sunan ya rage a bakin mutane, amma babu yarinyar da za ta sake cewa can aka tura ta ta zama malama. Ana cikin haka kuma, ranar 27 ga Agustan 1991, aka cire Yobe daga Borno. Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya suka wayi gari 'yan jihohi biyu, wasu suka bi aiki Damaturu, wasu suka tsaya Maiduguri.

Da la'asar wasu suka ce a je a ga tsohon wurin. Ba duka suka tashi ba. Wata ta ce ita ta je sau ɗaya ta ishe ta, ba don an yi mata wani abu ba, sai don babu wanda ya san ta, ita ma ba ta san kowa ba. Gwaggo ta je, na bi ta. Daga bakin hanya ta tsaya tana nuna mini da yatsa inda suke layin gabza, inda suke shanya, bishiyar darbejiyar da suke haddar darasi a gindinta in jarrabawa ta matso. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu koma kada magariba ta same mu.

Taron a tsakar gidan Yaya aka yi shi, a kan tabarmi, an kewaye kaskon wuta. An kawo burabusko da miyar kuka da bandar kifi. Ma'ajiyarsu ta buɗe littafin zumunci, ni kuwa ina kusa da ita, na leƙa. Ta ja shi daidai da rajistar aji. Sunaye a jere ta hagu, kowace da sunan mahaifinta kamar yadda yake a makaranta, ba na miji ba. Watanni a sama. Wadda ta biya kuɗin wata a sa mata alama da shuɗin biro. Wadda ta rasu ba a goge sunanta, sai a ja jan layi daga inda ta tsaya har ƙarshen shafi. Ta fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa. In ta zo kan jan layi sai ta kira sunan duk da haka, gaba ɗaya su ce, "Allah ya jiƙanta." Jajayen layukan ba kaɗan ba ne.

Da kuɗin nan suke kai gudummawar biki da suna, suke biya wa mai jinya magani, suke tallafa wa wadda fanshonta ya makale. Suna da zaure a WhatsApp, jikoki suka buɗe musu, kullum da asuba ana gaisawa ana tura tsofaffin hotuna. Abin da ya fi damunsu wata ce ta faɗe shi, tana juya garwashi da tsinke.

"Mu fa kamar gidan da aka daina haihuwa ne. Sai dai a fitar, ba a shigowa. Kowace makaranta duk shekara tana yaye wasu su shiga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Mu autarmu ma ta yi jika."

Nan aka tayar da maganar da na fahimci ta daɗe tana raba su. Wasu suna son a buɗe ƙofa ga ƙananan malamai mata da 'yan matan da ke son aikin malanta, ko da ba su taɓa taka WTC ba. Wasu suka ce a'a, abin da ya haɗa su ba ya gaduwa, wanda bai ci gabza tare da kai ba ba zai gane ba. Murya ta ɗan tashi. Yaya ta ce a bar maganar sai an je Gashuwa, kada a tafi gidan rasuwa da ɓacin rai.

Ni a ganina ɗaga darajar takardar malanta ba laifi ba ne. Su kansu da yawa sun koma sun yi NCE, wasu ta hanyar karatu daga gida na cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, wasu har digiri. Kuma gaskiya ne a gaggawar UPE an yaye waɗanda ba su ƙware ba. Amma waɗanda suka tsara sauyin ba su lissafa shekarun 'ya mace a ƙasar nan ba. A da uba a ƙauyen Machina ko Karasuwa yakan ba da 'yarsa tana sha biyu ko sha uku, a dawo masa da ita tana sha bakwai ko sha takwas da takarda a hannu da aiki yana jira. Wannan lissafi ne da uba zai iya ɗauka. Yau sai ta yi shekara shida a sakandare, ta ci jarrabawar fita, ta ci ta shiga, a samo kuɗin rajista, sannan ta yi shekara uku a kwalejin da take haɗe da maza, a garin da ba ta da kowa. Shekara tara ke nan in komai ya tafi daidai. Yawancin iyaye ba sa jira, mijin ma ba ya jira. Sakamakon a firamaren ƙauye ake ganinsa, inda za ka tarar babu malama mace ko ɗaya. Inda kuwa babu malama, da yarinya ta fara girma ake cire ta. An rushe gajeriyar hanya ba a gina wa 'yar ƙauye wata a madadinta ba, wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai.

Da safe muka ɗauki hanyar Gashuwa a mota biyu. A gefen gari tafkin Nguru yana ƙyalli cikin hazo, kachalla ta cinye bakinsa, ciyawar da ta toshe magudanan ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke saukowa. A shekarar 2000 aka sa dausayin nan cikin jerin Ramsar na dausayoyin duniya masu muhimmanci, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Mun gan su garke-garke suna tashi. Muka wuce Jajimaji ba mu tsaya ba.

Gashuwa garin Badawa ne, a bakin kogin Yobe, nan fadar Mai Bade take. Garin shinkafa da kifi da albasa, kuma yanzu garin karatu: ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. A hanya mun ga 'yan mata da hijabai da jakunkuna suna tare adaidaita zuwa lacca, na ga gwaggo ta bi su da kallo har suka ɓace. Wadda muka je wa ta'aziyya ciwon ƙoda ne ajalinta, ciwon da ya addabi Gashuwa da kewayenta shekara da shekaru.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan Malama, ya sa ta huta, ya ba ku dangana."

A waje maza sun cika rumfa, da yawansu da furfura a gemu, kuma ba dangi ba ne. Ɗalibanta ne na firamare. Wani ya aiko ciki a gaya wa 'yan ajin Malama cewa ita ta fara kama hannunsa ta koya masa riƙe fensir. A cikin gida kuma na ga 'yan mata uku suna ta hidima, suna kuka fiye da kowa. Na ɗauka jikoki ne. Aka ce a'a, 'yan ƙauye ne da marigayiya ta karɓo daga hannun iyayensu, suna zaune gidanta suna zuwa makarantar jeka-ka-dawo.

A nan ne na gane rufewa ta biyu, wadda ta fi rufe kwalejojin ciwo. Daga Gashuwa in ka miƙe gabas zuwa Bayamari ka karya kudu, Dapchi ce a gabanka. Ranar 19 ga Fabrairun 2018 'yan Boko Haram suka shiga makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata da ke can suka kwashe ɗalibai 110. Ranar 21 ga Maris suka dawo da mafi yawansu. Biyar sun rasu, Leah Sharibu kuma ba a sako ta tare da sauran ba. Kafin nan, a Yulin 2013, bayan kisan ɗalibai a Mamudo kusa da Fataskum, gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare gaba ɗaya. A Fabrairun 2014 aka yi na Buni Yadi. A 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a Zamfara, aka sake sallamar ɗaliban makarantun kwana na Yobe. Kowace rufewa akwai hujjarta, babu mai cewa a bar yara a bakin hatsari. Amma duk sanda aka buɗe, ba duka ke dawowa ba, kuma waɗanda ba sa dawowa an san su wane ne. Wata matashiya da ke zuba mana shayi, da goyo a bayanta, ta ce tana aji huɗu aka ce su tafi gida. Kafin a kira su an kawo kuɗin aurenta.

"Da can," in ji Yaya, "mu ne muke shiga gida mu durƙusa gaban uba mu ce, Malam, ba ni ita amana, ga ni nan, can na yi, ba abin da ya same ni. Kuma ya bayar. Yanzu da wane bakin zan ce wa mutum ya kai 'yarsa makarantar kwana? In wani abu ya faru me zan ce masa?"

Abin da ya rage a hannunsu shi ne ɗakunansu. 'Ya'ya sun yi aure, miji ya rasu ko ya tsufa, akwai ɗaki a rufe. Sai su karɓo yarinya ɗaya ko biyu daga ƙauye, su ciyar da ita daga fanshon da bai ishe su ba, da dare su zaunar da ita su duba littafinta kamar yadda ake yi musu a ajin dare. Ba zan ce wannan ya maye gurbin kwaleji ba. Tsohuwa ɗaya ba ta zama ɗakin karatu da filin wasa da malamai ashirin. Kuma nauyi ne da bai kamata a bar wa masu fansho ba, alhali hukuma na iya gina masaukin 'yan mata mai tsaro a cikin gari, kusa da kwalejin ilimi, ta ɗauki nauyin 'yan ƙauyen da suka yi alkawarin komawa su koyar a garuruwansu. Amma uban da ba zai ba gwamnati 'yarsa ba yakan ba Malama, don ita ta koyar da shi.

Bayan sallar isha'i aka koma kan maganar da aka ajiye a Nguru, sai dai yanzu ga 'yan mata uku da ba a san inda za su ba. 'Ya'yan marigayiya suna Damaturu da Abuja, za a rufe gidan bayan addu'ar arba'in. Wadda ta fi kowa ƙin a shigo da baƙi cikin zumunci ita ta fara magana. A Gashuwa take zaune, ta ce biyu su dawo gidanta, makarantarsu ba nisa. Ta uku, babbar cikinsu, bana za ta gama sakandare, kuma ta ce malanta take so. Aka amince a biya mata daga asusu har ta gama NCE. Ma'ajiya ta tambaya a ina za ta rubuta wannan, tunda yarinyar ba 'yar aji ba ce. Aka ɗan yi ja-in-ja, a ƙarshe aka ce ta buɗe sabon shafi a bayan littafin, maganar shigar da su ƙungiya kuma a ƙarasa ta a taron bayan Sallah.

Gwaggo ta juyo ta dafa ni.

"Uwata, ke kika san harkar intanet ɗin nan. Gobe kafin mu tafi tasha ki binciko mana yaushe ake fara sayar da fom ɗin JAMB, da nawa ne kuɗin rajista a kwalejin nan, mu san abin da kowa za ta ƙara."